Kuɗin Masu Sauraro Ko Inuwar Kamfani: Wace Hanya Ce Za Ta Fisshi Masu Shirin Fodkas?

Daga Wakilinmu, Suleja

Duk wanda ya san Gauraka, garin nan da ke bakin babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna, kusa da Suleja, ya san cewa tun da asuba bakin titinsa yake cika da ma'aikata da 'yan kasuwa da leburori masu sammakon shiga Abuja. Tsadar haya ce ta koro da yawa daga cikinsu zuwa wannan gefe na Jihar Neja, saboda haka kullum sai sun ci lokaci mai tsawo a mota, tafiya da dawowa. A da rediyon direba ne ke ɗebe musu kewa. Yau kuwa kowa da tasa a aljihu, watau wayar hannu. Wani tafsiri yake ji, wani karatun littafin hikaya, wani kuma hira ce ta siyasa ko ƙwallon ƙafa wadda wani saurayi ya ɗauka a ɗakinsa ya watsa ta intanet.

Irin wannan shiri na murya, wanda mutum zai sauke a wayarsa ya saurara a lokacin da ya ga dama, shi ake kira fodkas. Wani ɗan jarida ne a Ingila ya raɗa masa sunan cikin 2004, kamfanin Apple kuwa ya buɗe masa ƙofa a manhajarsa cikin 2005. Manyan kafofi sun riga sun shiga da Hausa, misali shirye-shiryen Najeriya A Yau da Daga Laraba na kamfanin Media Trust. Waɗannan suna da kamfani a bayansu. Amma mai zaman kansa, wanda shi ne ke sayen makirfo da data da man janareta daga aljihunsa, wa zai biya shi? Hanyoyi biyu ne manya a gabansa. Ko dai ya bar shirinsa a buɗe ga kowa ya nemi gudummawar masu sauraro, ko kuwa ya shige inuwar wani kamfani mai karɓar kuɗin wata, wanda ke kulle shiri sai wanda ya biya.

Maganar ba sabuwa ba ce

Masu karatu da suka manyanta za su ga cewa Bahaushe ya daɗe da sanin waɗannan hanyoyi biyu. Makaɗin fada, irin su Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, ko Salihu Jankiɗi na Sarkin Musulmi, yana da ubangida guda. Ci da sha da sutura da doki duk suna wuyan ubangidan, hankalinsa kwance, amma fa bakinsa ba nasa ba ne shi kaɗai, domin ba ya yi wa wani waƙa sai da yardar mai shi. Makaɗin jama'a kuwa, irin su Alhaji Mamman Shata wanda ya rasu cikin 1999, da Ɗan Maraya Jos wanda ya rasu cikin 2015, abincinsa yana hannun mutane da yawa: direba da ɗan kasuwa da basarake, kowa da abin da zai yi masa kari da shi. Idan wani ya juya baya, saura suna nan.

Haka abin yake a tarihin rediyo. Akwatin rediyo mai waya da aka kawo Kano cikin 1944, tun kafin a kafa gidan rediyon Kaduna cikin 1962, kuɗin wata ake biya masa. Wanda bai biya ba a yanke masa waya. Daga baya da rediyo ya zama na iska, kowa ya kama a kyauta, sai ga katin gaisuwa, wanda mai sauraro ke saya da kuɗinsa don a ambaci sunansa da na 'yan'uwansa a filin zaɓe. Ba wanda ya tilasta masa, ba kuma a hana wanda bai saya ba jin shirin. To, wannan kati shi ne kakan abin da Turawa ke yayi yau da sunan gudummawar masu sauraro.

Inuwar kamfani

Amfanin shiga hannun kamfani a fili yake. Kamfani ne zai ajiye shirin, shi zai karɓi kuɗi daga masu saye, shi zai tallata mutum ga waɗanda ba su san da shi ba. Wani lokaci ma har ya biya kuɗin a gaba. Cikin 2020 kamfanin Spotify ya ƙulla yarjejeniya da Ba'amurken nan Joe Rogan, wadda jaridu suka ce ta haura dala miliyan 100, bisa sharaɗin cewa ba za a ji shirinsa a ko'ina ba sai a dandalinsu. Amma irin wannan garaɓasa ta 'yan ƙalilan ce ƙwarai. Shi kansa Rogan, da aka sabunta yarjejeniyar cikin 2024, an janye sharaɗin kullewar, shirin ya koma sauran dandali.

Ga sauran jama'a kuwa, abin da ke akwai shi ne kaso. Tsarin kuɗin wata da Apple ya fito da shi cikin 2021 yana ɗaukar kashi 30 cikin ɗari a shekarar farko ta kowane mai biya, sa'an nan kashi 15 bayan haka. Substack, wanda aka kafa cikin 2017, kashi 10 yake cira. YouTube kuwa, inda yawancin masu shirye-shiryen Hausa suka yi sansani tun bayan mutuwar kasuwar faifai, kuɗin talla yake rabawa, ya ba mai tasha kashi 55. Kafin a fara raba wa mutum wannan kuɗi a kan dogayen shirye-shirye sai ya tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara guda, kuma farashin tallar ya danganta ga ƙasar da mai kallo yake. Tallar da aka nuna wa mutumin Suleja ba ta kai kuɗin wadda aka nuna wa mutumin Amurka ba, ko kusa.

Babban haɗarin dai ba kason ba ne. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Wanda ya gina kasuwarsa a rumfar wani, ranar da mai rumfa ya tashi, shi ma ya tashi. Marubutanmu na Hausa sun ɗanɗana wannan. Dandalin Okadabooks, wanda aka kafa a Nijeriya cikin 2013, inda mata marubuta da dama suke sayar da littattafansu, ya rufe a ƙarshen Nuwamba 2023. Cikin watan Agusta na wannan shekarar kuma aka rufe Stitcher a Amurka, alhali yana cikin tsofaffin manhajojin fodkas masu karɓar kuɗin wata. A irin wannan hali mai shiri yakan wayi gari ba shi da ko sunayen waɗanda suke saye a wurinsa, domin rajistar tana hannun kamfani.

Kuɗin jama'a

Hanya ta biyu ita ce a bar ƙofa a buɗe. Asalin fodkas dama a kan wata buɗaɗɗiyar hanya aka gina shi, wadda ake kira RSS, inda mai shiri ke ajiye kayansa wuri guda, kowace manhaja ta ɗauko daga can. Idan wannan manhaja ta mutu, shirin yana nan. Sai mai shirin ya ce wa jama'a, wanda ya ji daɗi ya taimaka da abin da ya sawwaƙa. A Amurka akwai shirin No Agenda, wanda aka fara cikin 2007, ba ya karɓar talla, da gudummawar masu sauraro yake tafiya, kuma yakan ambaci sunayen masu bayarwa, daidai da yadda maroƙi ke yi a gidan biki. Dandalin Patreon, wanda wani mawaƙi mai suna Jack Conte da abokinsa suka kafa cikin 2013, aikinsa ke nan, tattara irin wannan taimako wata-wata. Sai dai shi ma ɗan tsakiya ne, yana da nasa kaso, kuma tun daga Nuwamba 2024 Apple ya sa nasa kashi 30 a kan sababbin masu biya ta manhajar iPhone.

Shin mutanenmu za su biya abin da suke iya samu kyauta? An gwada. Cikin 2020 mawaƙi Dauda Kahutu Rarara ya ce ba zai saki sabuwar waƙar Shugaba Buhari ba sai masoya sun tura masa naira 1,000 kowannensu, kuma mutane suka yi ta turawa. Abin ya jawo ce-ce-ku-ce, amma ya nuna cewa hannun talaka yana buɗewa ga abin da yake so. Har ila yau marubutan hikaya suna sayar da labaransu a zaurukan WhatsApp da Telegram: a saki shafukan farko kyauta, mai son ci gaba ya tura 'yan ɗaruruwan naira a sa shi cikin zaure. Wannan kuɗin shiga ne, amma ba kamfani a tsakani. Ciwon da ke damunsu shi ne, mutum ɗaya ya biya, kafin gari ya waye labarin ya zaga zauruka goma.

Nan ne hanyar gudummawa ta fi dacewa da halinmu. Wanda ya kulle shirinsa, kowane mai tura wa wani ɓarawo ne a wurinsa. Wanda ya bar nasa a buɗe kuwa, mai shagon cajin waya da ke tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi a memori ya zama mai yi masa talla ba lada, muddin dai ya faɗi lambar asusunsa da bakinsa a cikin shirin.

Lissafin mutumin Gauraka

Bari mu ɗauki misali. A ce wani saurayi a Gauraka yana shirin mako-mako kan al'amuran masu sana'a, yana da masu sauraro 5,000. Idan mutum ɗaya cikin ashirin ya tura masa naira 500 a wata, ya tashi da naira 125,000, abin da ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu cikin 2024. Turawar kuwa ba wuya, ga OPay da Moniepoint, ga masu POS a kowace kwana. Idan kuwa ya kulle shirin a dandalin waje, sai mai sauraro ya mallaki katin da ke aiki a ƙetare, alhali bankunanmu sun dakatar da hakan a katin naira tun wajen 2022, sai cikin 2025 waɗansu suka dawo da shi. Yawancin mutanensa ma Tecno da Itel suke riƙewa, ba iPhone ba. Ga kuma data, wadda hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara wa kuɗinta har kashi 50 cikin ɗari a Janairu 2025. Wanda ya sha wuya kafin ya sayi data, da ƙyar ne zai sake biyan kuɗin ƙofa.

Amma kada a ɗauka hanyar jama'a ba ta da ƙaya. Kuɗinta ba tabbas: watan Sallah ko lokacin biyan kuɗin makaranta sai a ji shiru. Ga nauyin baki, domin da yawa suna ganin roƙo zubar da girma ne. Mafi muni kuma, idan cikin masu taimakon aka sami attajiri ko ɗan siyasa guda da ke ba da rabin kuɗin, to an koma gidan jiya, an yi ubangida ba a sani ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Jama'ar ma kansu suna iya zama ubangida, domin mai shiri yakan ji tsoron faɗin gaskiyar da za ta ɓata wa masu ba shi rai.

Abin da ya kamata

Shawararmu ga matasa masu wannan sana'a ita ce, su yi amfani da dandalin kamfanoni kamar yadda ɗan koli ke amfani da kasuwar ƙauye: a baje kaya a yi ciniki, amma gida yana nan daban. Kowa ya ajiye asalin shirye-shiryensa a hannunsa, ya kuma riƙe hanyar da zai sadu da masu sauraronsa ko da an rufe masa tasha. Babban shirin a bar shi kyauta, wanda ya taimaka a saka masa da gaisuwa ko wani ɗan ƙari. A riƙa faɗa wa jama'a abin da aka tara da abin da aka kashe, domin amana ita ce jarin wannan hanya. Kada kuma a yarda kuɗin mutum guda ya rinjayi na saura. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Mu kuma masu sauraro, ya kamata mu san cewa shirin da muke ji kyauta wani ne ya biya. Idan ba mu biya ba, mai talla ko ɗan siyasa zai biya, kuma abin da yake so shi za mu ji. Naira ɗari biyar a wata ba ta kai kuɗin motar yini guda daga Gauraka zuwa Abuja da dawowa ba. Allah ya sa mu gane, ya kuma sa wa sana'ar matasanmu albarka, amin.