Ta Ramin Allura Ruwa Ke Shiga

Duk wanda ruwan Agusta ya taɓa ritsawa a cikin a-daidaita-sahu tsakanin Ƙofar Mata da Mandawari ya san inda ɗigon yake sauka: daidai kafaɗar wanda ke zaune a gefe, wurin da rufin sama ya haɗu da labulen da ake saukewa. Fasinja ya ce, "Malam, ai rufin nan naka na yoyo." Direba ya rantse tamfol ɗin bai yi wata biyu ba. Kuma gaskiyarsa ce. Tamfol ɗin lafiyarsa ƙalau, ɗinkin ne ke shan ruwa.

Tun da gwamnatin Kano ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a watan Janairun 2013, a-daidaita-sahu suka cika gari, ɗinkin tamfol ya zama sana'a mai ci. Ga rumfunan biki da na zaman makoki da ake kafawa a lungunanmu, ga na masu kasa kaya a bakin Kurmi da Ƙofar Wambai, ga wanda ake lulluɓe buhunan hatsi da shi in mota ta taso daga Dawanau. Abin da ke damuna shi ne, mutum zai tsaya ya yi ta taɓa kaurin tamfol, ya yi ciniki har muryarsa ta dushe, amma ba zai juya bayansa ya dubi ɗinkin ba ko sau ɗaya.

In allura ta shiga atamfa ko shadda, tsakanin zaruruwa take ratsawa, su kuma su koma su matse. Tamfol mai leda ba shi da wannan halin. Inda aka huda ya hudu ke nan har abada. To a lissafa. Idan tela ya saita kekensa kamar zai ɗinka kaftani, tazarar milimita 3 tsakanin huda da huda, a mita ɗaya kawai ya yi ramuka fiye da 300. In ya buɗe tazarar zuwa milimita 6, ramukan sun ragu da rabi, kuma ɗinkin ba zai yage a kan layin hudar ba. Sannan girman allura ya dace da kaurin zare. Babbar allura da siririn zare na barin fili a kowane rami. Shi kansa zaren yana jan ruwa daga waje zuwa ciki, yadda lagwani ke jan kananzir a fitila, shi ya sa wani lokaci ba ka ganin rami amma ka ga layin ɗinkin ya jiƙe ta ciki.

Mu mutanen cikin ganuwa bai kamata a koya mana wannan ba. Maginan da suka yi mana soraye sun san ruwa a mahaɗa yake neman hanya, shi ya sa hankalinsu ya fi karkata bakin indararo da gindin rawani. Laso da suke shafewa da shi, daga katsin marina ake haɗa shi, irin na Ƙofar Mata, da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara mai yauƙi. Ga kuma makuba ta ɓawon ɗorawa. Mai gyaran takalmi ma har gobe sai ya goga wa zarensa kaki kafin ya ja shi. Can Birtaniya sun yi irin wannan karatun da tsada: a 1823 Charles Macintosh na birnin Gilasgo ya yi rajistar yadinsa mai roba a tsakiya wanda ruwa ba ya ratsawa, amma da teloli suka ɗinka riguna da shi sai ruwa ya riƙa bin sawun allura, dole aka koma shafe ɗinkin da narkakkiyar roba. Masu yin rufin jiragen ruwa da tantuna a duniya har yanzu a kan wannan matsalar suke.

Maganin ya danganta da irin tamfol ɗin, kuma a nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Mai kauri mai santsi ɗin nan na manyan motoci da na a-daidaita-sahu, ledar PVC ce aka shafe saƙa da ita. Haɗin da ya fi masa kyau ba ya buƙatar allura sam: ana ɗora gefe kan gefe, a hura iska mai zafi tsakaninsu da na'ura, a bi da abin murzawa, sai su narke su zama abu guda. Inda ɗinki ya zama dole, sai a yanko siririn ƙyalle daga jikin tamfol ɗin, faɗin yatsu uku, a manna shi a kan ɗinkin. A fara wanke ƙurar hunturu tas, a bar wurin ya bushe ƙayau, domin gam ba ya kama ƙura, ba ya kama laima. A shafa a fuska biyu, a dakata har ya daina bin yatsa, a haɗa, a murza da kwalba da ƙarfi tun daga tsakiya zuwa baki, sannan a bar shi ya kwana. Kuma a nemi gam ɗin da aka yi don PVC. Solushan na takalmi yana kamawa ranar farko, amma man da ke cikin ledar yana narkar da shi a hankali, in zafin Afrilu ya kai digiri 40 sai ka ga facin ya zame ya bar danƙo. Sufa-gulu kuwa ƙandarewa yake ya tsage a naɗi na farko.

Shuɗin nan mara nauyi mai araha, gam ba ya riƙe shi, rana kuma ba ta daɗewa take mai da shi gari. Kada a kashe masa kuɗin gyara.

Wanda na fi so shi ne kanbas na auduga, irin na tsofaffin tantuna, ko da yake ya fara wuya. Ita auduga in ta sha ruwa kumbura take, ta toshe ramin allura da kanta. Saboda haka sabon kanbas ana jiƙa shi ya bushe, a sake jiƙawa, kafin a dogara da shi. Bayan nan a goga kakin zuma a layin ɗinkin, a shanya a rana ya narke ya shige. Kada a wanke shi da omo, yana cinye maganin da aka sa masa. Masu shafa baƙin mai kuma su bari. Ƙura yake tarawa, ya ɓata kayan da aka rufe, in hatsi ne ma ya sa masa wari.

Akwai abin da ba ya cin ko kwabo, amma sau da yawa a nan ake kuskure: wane gefe ne a sama. Ƙyallen da ke tudu shi ya kamata ya hau kan na gangare, ruwa ya tsallake bakin haɗin ya wuce. In aka juya, bakin ɗinkin ya zama matarar ruwa. Haka wajen kafa rumfa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. In rumfa ta yi ciki ta tara kamar jarka mai lita 25, duk nauyin nan a kan zare yake, ramuka su buɗe, daga nan sai yagewa. A ɗaga tsakiya da gora, a ja igiya ta yi tsam.

Rana ma tana da nata. Zare yakan riga tamfol mutuwa, musamman na nailan. Na foliyesta ya fi jure hasken rana. Ka sa farce ka karci ɗinkin rufin da ya shekara biyu a waje. In zaren ya tsinke ko ya yi gari, a sake ɗinki tun kafin ya saki, kuma a yi ƙoƙarin bin tsohon layi kada a ƙara sabbin ramuka.

Ina roƙon direbobi da masu hayar rumfa su duba kayansu tun cikin bazara, lokacin da gam ke bushewa da wuri kuma teloli ba su cika da aiki ba. In ka je karɓar aiki, ka ce, "Maigida, a ba ni buta." Ka sa yaro ya tsiyaya ruwa a kan ɗinkin, kai kuma ka shiga ƙarƙashi ka duba da idonka kafin ka cika kuɗin.