Yadda Ɗalibin Aikin Jarida Zai Shirya Kundin Digirinsa

Kowane ɗalibi da ke karatun aikin jarida a jami'a, lalle ne ya rubuta kundin bincike a shekararsa ta ƙarshe. Wanda bai gama shi ba, ba za a ba shi digiri ba, ko da ya ci sauran jarrabawa duka. Dalili kuwa shi ne, da kundin nan ake gane ko ɗalibi ya iya bin labari har tushensa, gama wannan shi ne ainihin sana'ar ɗan jarida.

Zaɓen Batu

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne ɗaukar batu mai faɗi, kamar a ce "Tarihin Jaridu a Nijeriya." Tarihin nan ya faro tun 1859, sa'ad da aka fara buga Iwe Irohin a Abeokuta, shekara guda ba ta isa a tattara shi ba. Abin da ya fi shi ne a tsuke batun ya zama tambaya ɗaya. Ga misali: yaya Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, ta ba jama'a labarin Yaƙin Duniya na Biyu? Nan jarida ɗaya ce, shekarun kuwa an iyakance su, daga 1939 zuwa 1945. Sai ɗalibi ya kai wa malamin da ke duba aikinsa, ya sami yardarsa tukuna.

Neman Shaida

Gani ya kori ji. Kada ɗalibi ya dogara ga abin da wasu suka faɗa game da jarida, sai ya je ya buɗe ta da hannunsa. Ana neman tsofaffin jaridu a Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa cikin 1970, da Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da kuma Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello. In fitowar jaridar ta yi yawa, sai ya kafa ƙa'ida, watau kamar ya ɗauki fitowa ɗaya a kowane wata, ya ƙirga labaran yaƙi, ya lura da shafin da aka sa su, da abin da masu karatu suka rubuto cikin wasiƙu. Duk abin da ya kwafa, nan take ya rubuta kwanan wata da lambar shafi, don abin da ba a san inda aka samo shi ba, ba ya zama hujja.

Rubutu

Bisa al'ada kundi babi biyar ne: gabatarwa, da bitar ayyukan magabata, da hanyar bincike, da abin da aka gano, sa'an nan kammalawa. A fara rubutu da wuri, ana kai wa malami babi-babi.

Gargaɗi

Kwafar aikin wani daga intanet ko daga tsohon kundi, ba tare da ambaton mai shi ba, sata ce. Akan soke kundi saboda ita, har takan jawo kora. Ranar kare kundi kuwa, malamai za su yi tambaya a kan kowane babi, wanda bai yi aikin da kansa ba asirinsa zai tonu a gabansu.