Daina Biyan Bashin da Aka Yi Sulhu a Kansa: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

Magana biyu ke yawo a tsakanin mutanen da banki ke bi bashi, kuma kowacce tana ƙaryata 'yar'uwarta. Ta farko ta ce idan ka zauna da banki aka tsara maka biya kashi-kashi, sannan ka tsallake wata ɗaya, to ka shirya kwana a caji ofis, za a rufe maka BVN, idan ba a same ka ba a kama matarka ko ƙaninka. Ta biyu ta ce babu abin da zai faru: ka canza layin waya, ka buɗe asusu a wani banki, za su gaji su ƙyale ka, balle idan kuɗin na shirin gwamnati ne, ai rabonka ka ci. Da mai tsoro da mai ganganci wuri ɗaya suke ƙarewa, su yi shiru su daina ɗaga waya. Wannan shirun shi ya fi komai tsada a harkar bashi, domin takardar sulhun da mutum ya juya wa baya ita ce babbar garkuwarsa, ko da a ransa yana ganin ta a matsayin igiya a wuya.

Batun kamu shi ya fi firgita jama'a, kuma a nan doka ta fito fili. Dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun haramta kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko rigimar da ba ta laifi ba, sun kuma haramta kama wani a madadin wani. Kotunan Najeriya sun sha nanata cewa karɓo bashi ba aikin 'yan sanda ba ne. Wannan ba ya nufin ba a yin kamun. Ana yi, musamman ga wanda bai san haƙƙinsa ba, amma wanda aka tsare saboda bashi zalla yana da damar kai ƙarar take haƙƙi. Sai dai akwai ƙofofin da bashi ke bi ya koma laifi, kuma masu cewa "ai ba a ɗaure mutum kan bashi" ba su cika faɗinsu ba. Wanda ya karɓi rance da takardun bogi, ko ya sayar da abin da ya jinginar a ɓoye, ya shiga sahun zamba. Wanda ya ba da cak alhali babu kuɗin da za su biya shi a asusunsa ya faɗa ƙarƙashin dokar 1977 da ta tanadi ɗaurin shekara 2, abin lura ga duk wanda ya miƙa wa banki cak-cak masu kwanan wata na gaba lokacin sulhu. Haka nan wanda kotu ta umarta ya biya, aka tabbatar yana da hali ya ƙi, alƙali na iya tsare shi. Rufe BVN kuwa ba hukuncin gazawa ba ne. Jerin sunayen da ake sa wa ido ta BVN an tanade shi ne don masu zamba.

To idan ba kamu, me ke faruwa? Amsar tana cikin takardar da aka sa wa hannu, galibi a wani sakin layi na ƙasa da ba a cika karantawa ba. Mafi yawan irin wannan sulhu yana ɗauke da sharuɗa biyu: rangwamen da aka yi maka ya dogara ne ga cika alkawari, kuma idan ka saɓa, ragowar bashin gaba ɗaya ya zama abin biya nan take. A ce ana bin mutum naira miliyan 2, uwar kuɗi da ruwa da tara. Banki ya yafe 500,000, aka amince ya riƙa biyan 125,000 duk wata har wata 12. Ya biya wata 6, wato 750,000, sai ya tsaya. A lissafinsa saura 750,000. A lissafin takarda kuwa yafiyar ta rushe, ana bin sa miliyan 1 da 250,000, a dunƙule, ga sabon ruwa yana hawa. Abin da ya biya bai ɓata ba, an rage shi daga bashin, saboda haka masu cewa kuɗin sun bi ruwa su ma sun yi kuskure. Abin da ya rasa shi ne rangwamen da wa'adin, kuma su ne dalilin zaman tun farko. Idan rancen ya kwana 90 ba a biya ba, ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta tilasta wa bankin ya lissafa shi cikin basukan da suka lalace, daga nan fayil ɗin kan bar hannun ma'aikacin da ka sani ya koma sashen ƙwato bashi, inda babu wanda ya san fuskarka.

Dabarar komawa wani banki ta yi aiki a da, amma zamaninta ya wuce. Tun 1 ga Agusta, 2020, tsarin da ake kira GSI ya fara aiki, wanda ya ba bankin da ke bin ka damar cire kuɗinsa daga duk wani asusu da ke haɗe da BVN ɗinka a wasu bankunan, na ajiya ne, na yau da kullum, na dala, ko na haɗin gwiwa. Izinin yana cikin takardun da mai karɓar rance ke sa wa hannu tun ranar farko. A 2022 Babban Bankin ya sauya ƙa'idar ta yadda za a ci gaba da neman kuɗin babu iyaka har sai an biya. Shi ya sa mutum zai ji alat na shigar kuɗin cinikinsa da safe, kafin azahar ya ji na fitarsu zuwa bankin da ya yi shekara bai taka ba. Amma tsarin yana da iyakar da ya kamata kowa ya sani: uwar kuɗi da ruwan da ya taru kaɗai aka yarda a cira ta wannan hanya, ban da tara. Wanda aka cire masa fiye da haka ya rubuta wa bankin koke, idan ba a saurare shi ba ya wuce sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin.

Sai kuma suna. Ƙarƙashin dokar 2017 kan bayanan masu cin bashi, bankuna suna miƙa tarihin biyan kowa ga kamfanoni uku masu lasisi, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma ana duba su kafin a ba da sabon rance. Ba hukuncin har abada ba ne kamar yadda ake faɗa, domin idan aka biya ana sabunta bayanin, kuma mutum na da damar ganin rahotonsa ya ƙalubalanci kuskure. Amma tabon kan ɗauki shekaru, yakan kuma bayyana ne daidai lokacin da ake neman jarin da zai tayar da sana'a.

Abin da ya fi nauyi shi ne sulhun da aka yi a gaban alƙali. Idan ɓangarorin biyu suka rubuta sharuɗa, kotu ta karɓe su a matsayin hukuncinta, to shari'a ta ƙare, ko ɗaukaka ƙara ba ta yiwuwa sai da izinin kotu. Mai bin bashi ba ya buƙatar sake tabbatar da cewa yana bin ka. Kai tsaye zai nemi a zartar. Kotu na iya umartar bankin da ke riƙe da kuɗinka ya miƙa su, ko ta tura ma'aikatanta su rubuce kaya a yi gwanjonsu. A nan ma akwai ƙarya da ake tsoratar da mutane da ita: ba kowane yaron da kamfani ya turo da babur ke da ikon shiga gida ya ɗauki firji ba. Kwashe kayan da ba a jinginar ba sai da umarnin kotu. Haka manhajojin ba da bashi da ke aika wa dangi da abokai saƙon cin mutunci, hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta sha ɗaukar mataki a kansu tun 2022. Wanda ya tsaya maka kuwa, shi babu jita-jita a lamarinsa: ranar da ka daina biya, banki na iya juyawa kansa, albashinsa ko shagonsa, ba tare da ya ci ko kwabo daga kuɗin ba. A ganina wannan ita ce illar da aka fi rainawa, domin kuɗi kan dawo, zumuncin da tsaya wa mai bashi ya kashe kuwa da wuya ya tashi.

Akwai masu jiran lokaci ya cinye bashin. Gaskiya ne dokokin jihohi sun sa wa'adin shigar da ƙara kan bashin yarjejeniya, shekara 5 ko 6 gwargwadon jiha. Sai dai amsa bashi a rubuce, ko biyan wani ɓangare, yana sa ƙidayar ta koma farko, kuma wanda ya sa hannu a takardar sulhu ya kuma fara biya ya yi duka biyun. Mutuwa ma ba ta shafe shi: daga abin da mamaci ya bari ake fitar da bashi kafin rabon gado, kamar yadda Suratun Nisa'i ta tsara. Magada ba za su biya daga aljihunsu ba sai wanda ya tsaya wa mamacin, kuma yana da kyau iyali su tambaya ko rancen yana da inshorar rai.

Masu cewa kuɗin gwamnati ne suna da abin nunawa, ba zan musa ba. Shirin rancen manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015 ya raba fiye da naira tiriliyan 1, kuma ko a lissafin Babban Bankin kansa, a farkon 2023 kusan rabi ne kawai ya dawo. Manyan da hukumar ƙwato basuka ta AMCON ke bi tiriliyoyi suna yawo a motocin alfarma. Ƙaramin manomi da ambaliyar 2022 ta cinye shinkafarsa, ko 'yan bindiga suka hana shi zuwa gona, yana da hujjar tambayar me ya sa shi za a matsa wa. Wannan ƙorafi daidai ne, amma ba ya canza abin da ke rubuce a fayil ɗinsa. Attajiri yana da lauyoyin da za su ja shari'a shekaru. Ƙaramin mai bashi asusu ɗaya gare shi, haɗe da BVN. Rancen korona da aka bayar ta bankin NIRSAL a 2020 rance ne, ba kyauta ba, ruwansa ma da aka sassauta zuwa kashi 5 ya koma kashi 9 a 2022. Kuma da kuɗin suka ƙi dawowa, sabon shugabancin Babban Bankin ya ja da baya daga irin waɗannan shirye-shirye tun ƙarshen 2023, wanda ya fi jin jiki shi ne manomin da bai taɓa karɓa ba.

Wasu kuma kan ce rancen mai ruwa ne, haramun ne, don haka babu wajibcin biya. Haramcin riba ba abin jayayya ba ne, amma ayoyin ƙarshen Suratul Baƙara da suka hana ta su ne suka tabbatar wa mai kuɗi uwar kuɗinsa, suka umarci a rubuta bashi, suka kuma nemi a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Jinkirin haƙƙi ne na wanda ya gaza, ba na wanda ya samu ya ɓoye ba. Wanda ruwan ke damun sa, sulhu ne hanyar da ake neman a yafe shi, kuma barin sulhun shi ke dawo da ruwan da aka riga aka yafe.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta wanda ya ce ba ƙi ya yi ba, babu ne. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, kason da aka tsara lokacin da abinci ke da sauƙi ya zama ba ya biyuwa. Ba wanda zai ce wa uba ya bar yara da yunwa don ya cika alkawarin banki. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma gazawa ba abin kunya ba ce. Amma tsakanin cikakken biya da ɓacewa akwai fili mai faɗi. Banki ya fi son kaɗan mai shigowa a kan shari'ar da za ta ci kuɗi da shekaru, ga shi lalataccen bashi yana tilasta masa ware kuɗi a gefe don cike giɓi. Ba dole ne ya amince da sabon tsari ba, wannan gaskiya ce, amma damar wanda ya zo da kansa kafin ranar biya ta fi ta wanda aka nemo bayan wata uku nesa ba kusa ba.

Saboda haka, mai karatu, idan ka hango ƙarshen watan nan ba zai yiwu ba, ka ɗauko takardar ka karanta sharaɗin saɓawa, ko ka ba wanda ya iya ya karanta maka. Ka rubuta wa bankin kafin ranar ta zo, ka faɗi abin da ya same ka da adadin da za ka iya, ka sa su buga hatimin karɓa a kwafinka. Kada ka dogara da alkawarin baki daga ma'aikaci, kada ka ci sabon bashi a manhaja don toshe tsohon, kuma ka sanar da wanda ya tsaya maka kafin banki ya riga ka.