Me Ya Sa Tom Ya Yi Ƙiba a Sabuwar Talabijin?

Duk wanda ya san Tom da Jerry a tsohuwar talabijin mai ƙaton baya, in ya zauna da yara yau a gaban filasma, zai ga kamar muzurun nan ya samu kiwo. Kai ya baje, jiki ya cika, farantin da aka zana a zagaye ya miƙe ta gefe. A wani gidan kuma Tom yana nan da siffarsa, sai dai kunnuwansa sun shige saman allo, ƙasan ramin Jerry ya yanke. Babu wanda ya sake zanen. Allon ne ya canza siffa, aka tilasta wa tsohon hoto ya bi shi.

Ana auna allo da faɗinsa a kan tsayinsa. Tsohuwar talabijin 4:3 ce, wato in faɗi kamu huɗu ne, tsayi kamu uku. Ta yanzu 16:9 ce. In aka daidaita tsayin su biyun, 4:3 daidai take da 12:9, saboda haka tsohon hoto yana cin kashi 12 ne cikin 16 na faɗin sabon allo. Sauran rubu'in nan shi ne tushen rigimar.

Talabijin ta gaji 4:3 daga silima. Da ta fara hana mutanen Amurka fita kallo, sai kamfanonin Hollywood suka nemi abin da akwatin gida ba zai iya ba, suka faɗaɗa majigi. A 1953 kamfanin 20th Century Fox ya fito da tsarin CinemaScope, wanda faɗinsa ya haura ninki biyu na tsayinsa. Masu katun ma suka bi. William Hanna da Joseph Barbera sun yi wa kamfanin MGM gajerun finafinan Tom da Jerry 114 tsakanin 1940 da 1958, kuma na ƙarshe-ƙarshen a CinemaScope aka yi su. Disney kuwa da zai fitar da Lady and the Tramp a 1955, sai da ya shirya shi kala biyu, mai faɗi da na da, don ba kowane gidan silima ne ke da sabon allo ba. Da waɗannan masu faɗin suka zo talabijin, gefe da gefe aka riƙa datse musu, har wani lokaci ka ga Tom yana gudu amma ba ka ga abin da ya koro shi ba. Ita kanta 16:9 sulhu ce: wani injiniya Ba'amurke, Kerns Powers, ya ba da shawararta a 1984 don ta faɗo tsakanin allon da da na silima, kowa ya ɗan yi asara kaɗan.

Tashar da ke da tarin tsoffin katun tana da zaɓi uku in za ta nuna su a faffaɗan allo. Ko ta bar hoton yadda yake, baƙaƙen shafi biyu su tsaya dama da hagu. Ko ta ja shi ya cika allo, komai ya ƙara faɗi da kashi ɗaya cikin uku. Ko ta kusanto da shi har ya cika gefe, ta yar da rubu'in hoton, rabi a sama rabi a ƙasa. Na ukun nan kamar wanda takalmi ya yi wa kaɗan ne ya ce a rage masa yatsu.

Tashoshi da yawa sun guji na farko, domin mai kallo in ya ga baƙi a gefe sai ya ɗauka talabijin ɗinsa ce ta lalace, ko kuma an cuce shi wani yanki na allon da ya biya kuɗinsa. Cartoon Network, wadda ta fara aiki a 1992 da rumbun tsoffin katun ɗin MGM da na Hanna-Barbera, da ta buɗe tasharta mai tsabtar hoto a Amurka a 2007 sai ta riƙa jan tsoffin shirye-shirye su cika allo. A shekarar ce kuma kamfanin Funimation ya fara fitar da faifan Dragon Ball Z a datse sama da ƙasa, masoyan shirin suka yi ta ƙorafi. Wanda ya fi yin amo shi ne na The Simpsons, ko da yake wannan ba katun ɗin yara ba ne. Da aka buɗe Disney+ a Nuwamban 2019 an datse tsoffin zangunansa, sai wani abin dariya ya mutu: a wata masana'antar giya an nuna manyan tankuna uku masu suna daban-daban, alhali bututu ɗaya ne yake zuba musu daga sama, to bututun ne almakashi ya cinye. Sai a Mayun 2020 kamfanin ya ba masu kallo damar komawa 4:3.

A ganina katun ya fi fim ɗin mutane jin ciwon wannan. Kyamara kan ɗauko abin da ya faɗo gabanta, har da wanda ba a nufa ba, amma a zane babu layin da ya shigo da kansa. Mai zane ya san inda ya ajiye guduma a saman kan Tom da inda ya ɗana tarko a ƙasan ƙafarsa, kuma dariyar tana cikin yaro ya hango su kafin Tom ya gani. Ga shi kuma sana'ar tsoffin masu katun kacokan a kan lotsawa da miƙewa take: in ƙofa ta maƙe Tom ya baje, bajewar ce abin dariya. In tun farkon shiri a baje yake, rabin wasan ya tafi.

Sababbin shirye-shirye ba su da wannan matsala. SpongeBob, wanda aka fara a 1999, ya koma 16:9 tun 2012. An dai yi wasu shekaru ana zana faffaɗan hoto amma ana tara duk abin da ke da muhimmanci a tsakiya, saboda masu tsohuwar talabijin. Shi ya sa tambarin wasu tashoshi ya daɗe yana zama nesa da kusurwa.

Sai dai ba kullum laifin tasha ba ne, musamman a gidajenmu, inda ake kamo MBC3 da Spacetoon ta dish, ko tashoshin yara na DStv, GOtv da StarTimes. A tsarin da muke kai, hoton da ba mai tsabta sosai ba ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye, ko shirin 4:3 ne ko 16:9. Wata 'yar alama ce ke tafe tare da hoton tana shaida wa dikoda siffar da za ta ba shi. In dikoda an saita ta kan tsohuwar talabijin alhali filasma ce a bango, ko filasmar an bar ta a kan ta cika allo ko ta halin ƙaƙa, to kowa zai yi ƙiba, har mai karanta labarai. Wani lokaci ma dikoda ta sa baƙi sama da ƙasa, talabijin ta ƙara nata a gefe, hoto ya koma ɗan ƙarami a tsakiya.

Tambarin tasha yakan nuna inda ɓarnar take. In shi ma ya baje tare da katun ɗin, matsalar a ɗakinka take, kuma rimot zai gyara ta: a shiga saitin dikoda a zaɓi 16:9, sannan a sa talabijin a kan zaɓin da ke barin hoto da siffarsa ta asali, wanda galibi aka rubuta Auto ko Original. In kuwa tambarin yana daidai amma Tom ya kumbura, daga tashar aka ja shi, iyakar abin da za ka iya shi ne ka matsa maɓallin 4:3 ka mayar da shi, tambarin ya rame a madadinsa.