Sunayen Kayan Gyara a Jamusanci: Yadda Za Ka Nemi Abin da Injinka Yake Bukata

Da yawa daga cikin taraktoci da injinan ban-ruwa da manomanmu suke saye na hannu ƙirar Jamus ne ko Ostiriya, irin su Deutz da Fendt da Hatz, da kuma Steyr wadda aka riƙa harhaɗawa a Bauchi. Sau da yawa littafin da yake zuwa tare da su da Jamusanci aka rubuta shi. Idan tarakta ta tsaya ana tsakiyar huɗa, kalma ɗaya da ka aika wa dillali ba daidai ba tana iya sa ka jira makonni, sannan a kawo abin da bai shiga injinka ba. Ga kuɗi sun tafi, ga lokacin shuka ya wuce.

Abu na farko da ya kamata malamin gona ya sani shi ne Jamusawa suna haɗa kalmomi biyu ko uku su zama ɗaya, kuma kalmar ƙarshe ita ce ainihin abin da ake nufi. Waɗanda suka gabace ta bayani ne kawai. Saboda haka fara karatu daga ƙarshe. Einspritzpumpe famfon injekta ne, Einspritzdüse kuwa nozul ne, tsakanin farashinsu akwai rata mai yawa. Haka nan Ölfilter matatar baƙin mai ce, Luftfilter ta iska, Kraftstofffilter ta man dizal.

Sai dai kada ka dogara ga ƙamus ko fassarar waya kaɗai, domin kalmomin makanikai suna da wata ma'ana a maganar yau da kullum. Mutter na nufin uwa, amma a gareji noti ne. Dichtung na iya fitowa a matsayin waƙa, alhali gaskit ake nufi. Wadda ta fi rikita masu saye ita ce Lager: boris ne, kuma ɗakin ajiya ne. Idan dillali ya rubuto maka “auf Lager”, yana faɗa maka ne cewa kayan suna nan a ajiye, ba maganar boris yake yi ba. Kupplung kuloci ne, amma Anhängerkupplung mahaɗin tirela ne. Robar da take hana mai yoyo a jikin shaf sunanta Wellendichtring, ko da yake makanikan Jamus sun fi kiranta Simmerring. In ka rubuta Dichtung kawai, ba ka faɗi komai ba tukuna.

Inda ba ka tabbatar da abin da ya lalace ba, gara ka faɗi alamar ciwon. “Springt nicht an” na nufin injin ya ƙi tashi, “undicht” yana yoyo, “Kupplung rutscht” kuloci yana sulluɓewa.

A ganina, lamba ta fi kowace kalma amfani. A jikin kowane inji akwai ƙaramin farantin ƙarfe da ake kira Typenschild. Goge shi, ka kwafi samfurin inji da Motornummer, wato lambarsa, da Baujahr, shekarar ƙira, in tana nan. Samfurin kansa yana magana: a Deutz F3L 912, lamba 3 silinda uku ke nan, harafin L kuma yana nuna iska ce take sanyaya shi. Irin wannan inji ba shi da lagireto balle famfon ruwa, don haka idan yana zafi, duba Keilriemen, wato fanbel, da dattin da ya toshe haƙarƙarin silinda. Boris kuma lambarsa ɗaya ce a ko'ina: 6205 yana da rami milimita 25, faɗin waje milimita 52, kauri milimita 15, kuma mai yiwuwa ka same shi a kasuwar garinku ba sai an aika Jamus ba. Ɗauki hoton farantin da na tsohon ƙarfen a gefen rula, ka haɗa su da kalmar kafin ka biya ko kwabo.