Daga Legas zuwa Kagarko: me ya sa sauka a Abuja ya fi sauka a Kaduna

Bara aka bugo wa mahaifina waya da asuba, yana shirin fita kasuwar shanu a Agege, cewa yayansa ya rasu a Kagarko. Ya ce in nemo masa tikitin jirgin sama. Ni kuwa da yake Kagarko a jihar Kaduna take, sai na yanki na Kaduna. Kafin ya isa gida an daɗe da dawowa daga maƙabarta. Har yau abin na ci mini rai, shi ya sa na zauna na yi lissafin.

Daga filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja zuwa na Nnamdi Azikiwe a Abuja, kusan kilomita 510 ne a sama, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. Zuwa Kaduna kuwa wajen kilomita 630 ne. Bambancin a cikin jirgi bai taka kara ya karya ba, bai kai rabin awa ba. Wahalar tana ƙasa.

Kagarko tana kudancin jihar ne, tana iyaka da Bwari ta Abuja. In aka ja layi miƙaƙƙe, tsakaninta da filin jirgin Abuja kilomita 70 ne da ɗan ɗoriya, na Kaduna kuwa ya kai ninki biyu. Wato jirgin Kaduna wuce gida yake yi da kai, sannan ka dawo baya da mota. Ga shi filin yana arewacin garin, sai ka ratsa Kaduna kaf kafin ka kama hanyar kudu. Waɗanda suka yi tafiya a 2017, lokacin da aka rufe filin Abuja na sati shida don gyara aka karkatar da jirage Kaduna, sun san wannan dawowar.

Sannan jiragen Abuja sun fi yawa nesa ba kusa ba. In na safe ya kuɓuce maka, akwai na hantsi. Na Kaduna in ka rasa shi, wataƙila sai gobe.

Sai dai kada awa ɗayan nan ta ruɗe ka. Ka sa cunkoson Legas a lissafi, da zuwa fili tun kafin lokaci, da jinkirin tashi wanda ya zama ruwan dare. In ka sauka Abuja ma da sauran aiki: sai ka bi ta Kubwa, Dutse, Bwari, ka fita Jere, sannan Kagarko. Ni awa biyu zuwa uku nake ware wa wannan ɓangaren.

Ka yanki jirgin farko na safe. Hanyar nan ba ta dare ba ce, kowa ya san halin da ake ciki. In ka ga magariba za ta riske ka a Bwari, ka kwana wajen 'yan uwa, ka ƙarasa da safe.