Zagayen ruwan sanyaya injin jirgin ruwa mai ƙafa a waje: bayani da shawarar kalmomi

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƴar maƙala za mu bayyana yadda ruwa ke sanyaya wani nau'in injin jirgin ruwa, tare da ba da kalmomin da muke ganin sun dace a Hausa. Injin da muke nufi shi ne wanda gangar jikinsa ke cikin jirgi, amma sashen da ke ɗauke da farfela yana waje, ta baya. Kamfanin Volvo Penta na ƙasar Suwidin ya fito da shi kasuwa a 1959, MerCruiser na Amurka ya biyo baya a 1961. Sashen nan na waje, wanda ake kira embase da Faransanci, shi muka kira «ƙafar inji». Galibin kwale-kwalen kogin Kwara, daga Ayoru zuwa Gaya, injin ratayawa suke amfani da shi, amma ƙa'idar sanyayawar ɗaya ce.

2. Hanyar ruwa

Mota tana yawo da ruwanta cikin radiyato. Jirgi kuwa daga kogi yake sha. Ruwan yana shiga ta ƴan ramuka da ke gindin ƙafar, sai famfo ya ja shi. A cikin famfon akwai ƴar fanka ta roba mai fukafukai (turbine), wadda muka kira «fankar roba». A samfurin Alpha One famfon yana cikin ƙafar. A Bravo da na Volvo Penta yana jikin injin. Daga nan ruwan ya isa «ƙofar zafi» (thermostat), wadda yawanci take buɗewa a digiri 60 ko 71, gwargwadon inji. Bayan ya zagaya, ya sanyaya bututun hayaƙi, ya fita tare da hayaƙin. Ko a injin da ke da ruwansa na musamman a rufe, ruwan kogi ne ke ɗebe wa wancan ruwan zafi.

3. Inda kalma ke iya ɓatar da mai gyara

Idan muka ce «ruwan sanyaya inji» kawai, mun faɗi rabin aikinsa. Ruwan nan shi ne kuma man fankar roba: shi ke hana ta gogar ƙarfe a bushe. Makaniken da ya saba da mota yana iya tayar da injin a tudu, yana zaton ba ya zafi kafin minti kaɗan. Alhali kafin minti ɗaya fankar tana iya ƙonewa, fukafukanta su gutsure su toshe hanya. Saboda haka muke ba da shawarar kada a ari kalmar «radiyato» a nan ko kaɗan, kuma duk littafin koyarwa ya rubuta ƙarara: ba a tayar da inji sai ƙafarsa tana shan ruwa, ko a kogi ko ta tiyo.

4. Abubuwan da ke rage ruwa

Leda da ciyawar da ke yawo a kan kogi suna rufe ramukan. A lokacin janyewar ruwa, wato Mayu da Yuni a Yamai, ƙafar tana tonon rairayi, rairayin kuma yana cinye roba da gidan famfo. Ɗaga ƙafar fiye da kima yana sa ta shaƙi iska. Injin ratayawa yana da ɗan tsirin ruwa da matuƙi ke gani. Wannan nau'in yawanci ba shi da shi, sai a dogara da agogon zafi. In allurar ta hau, a kashe inji nan take, domin tiyon roba na hayaƙi yana ƙonewa, ruwa kuma yana iya shiga jirgi ta nan. In an canza fankar da ta karye, a nemo gutsattsarinta duka.

5. Kammalawa

Kalmomi uku muka gabatar: ƙafar inji, fankar roba da ƙofar zafi. Abin da ya rage shi ne a gwada su wurin makanikai da matuƙan bakin kogi, Hausawa da Zabarmawa, a ga wadda bakinsu ya karɓa.